Bin Sawun Jinin Gwaggo

Wata 14 Gwaggona ta yi tana zubar da jini kafin wani a danginmu ya ji sunan abin da ke cin ta. Ta kai shekara biyu da ɗaukewar al'ada, sai ga jini ya dawo, da farko ɗigo-ɗigo, daga baya har da wani ruwa mai ƙarni wanda turaren wuta ya kasa rufewa. Ta aika a tambayo mata malami, ya ce istihala ce, ta riƙa tsarki da alwala tana sallarta. Hukuncin ya yi daidai, sai dai babu wanda ya ɗora mata da cewa ta je a duba ta. Mai kemis ya ce sanyi ne ya yi mata yawa, ya haɗa mata ƙwayoyi a leda. Mai ruƙiyya ya ce aljani ne ya zauna mata a mara. Da aka gaji, sai dangi suka tsaya a kan magana ɗaya: kishiya ce ta yi mata jifa. Ranar da aka kawo ta Kano a kwance a bayan mota, likita ya duba ta, ya fito ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta kama mafitsara. Ba ta ga azumin shekarar ba.

Shekara tara ke nan. Tun daga sadakar uku ƙafar ɗan gidanmu ba ta sake taka gidan mijinta ba, can wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Ni kuwa na adana takardar asibitin a tsakiyar wani littafi. Aikin jarida ya kai ni wurare da yawa, na rubuta labarin ambaliya, na rubuta na kasafin kuɗi, amma tambayar da ta fi ci mini rai ban taɓa bin ta ba: ta ina wannan cuta ta shiga jikin matar da ba ta san ko'ina ba sai ɗakin aurenta da rijiya da gidan biki? A hunturun da ya wuce na rataya jaka na ce zan bi sawun abin yadda makiyayi ke bin sawun ɓatacciyar saniya. Na fara daga inda cutar ke ƙarewa, na nufi inda take farawa.

Da sassafe na shiga mota a tashar Unguwa Uku, hazo ya rufe gari. Muka wuce Kura, muka ratsa Kwanar Gafan inda kwandunan tumatir suka yi jawur a bakin titi, kafin hantsi ya dubi ludayi muna Kwangila. Daga nan na hau bas ta Samaru har Shika.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin 'yan tsirarun wuraren da ake yi wa masu ciwon daji gashi da na'ura a Arewa, shi ya sa inuwar bishiyoyin harabarsa ta zama kamar zango. Masu jinya sun shimfiɗa tabarmi, ga kuloli, ga butoci, ga shanya a kan reshe. Kana jin Hausar Sakkwato ta wannan gefe, Fulatanci ta wancan. Bayan na gabatar da takarduna, wata likitar mata ta yarda in bi ta zagaye, da sharaɗin ba hoto, ba suna.

A gado na huɗu wata mata ce da ba za ta wuce shekara 45 ba, ta rame har zoben azurfa yana yawo a yatsanta. Muka gaisa, na yi mata sannu, ta kama hannuna ta jawo ni kusa don kada 'yarta ta ji.

"Ƙanwata, an ce ke mai rubutu ce. Wata ta faɗa mini wai wannan ciwon na matan banza ne. Ni kuwa wallahi ban taɓa sanin wani namiji ba sai uban 'ya'yana. To ta ina?"

Na rasa abin da zan ce mata. Tambayar da na baro Kano da ita ce ta tarye ni a bakin wata, kuma ita tata ta fi tawa nauyi, domin ban da ciwo tana ɗauke da zargi.

Da muka koma ofis likitar ta juya bayan wani kati ta zana mini mahaifa kamar tulu a kife. Wuyan tulun, inda ya leƙo cikin farji, shi ne bakin mahaifa, tsawonsa bai fi gaɓa biyu na yatsa ba. Fata iri biyu ce ta haɗu a wurin. Ta waje shimfiɗaɗɗiya ce mai hawa-hawa, mai jure gogayya. Ta ciki hawa ɗaya ce mai laushi, ita ke fitar da majinar mahaifa. A kan iyakar da suka haɗu, ta ce, kullum ƙwayoyin halitta suna sauya kama daga wannan iri zuwa wancan, kuma kusan duk sankarar bakin mahaifa daga wannan 'yar iyaka take tasowa. Lokacin balaga da lokacin cikin fari iyakar takan fito fili sosai, tana ɗanya. Wannan ne dalilin da ya sa yarinyar da aka fara kusanta da ƙananan shekaru ta fi babbar mace shiga haɗari.

Abin da ke sauka a kan iyakar kuwa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, dangin bairas, ƙanƙanuwar da ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganin ta. Tana da iri fiye da 200. Wasu ba sa yin komai. Wasu su ke kawo irin ƙurajen nan da muke ce wa tusar jaki, a hannu ko a al'aura. Kimanin 14 ne masu haɗari, kuma a cikinsu biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a duniya. Ba ta jini take bi ba, ba ta abinci ba, ba ta bayan gida ba. Haɗuwar fata da fata ce yayin kwanciyar aure, ta shige ta 'yar ƙujewar da mace ba za ta ma ji ba.

Na tambaye ta, wato duk wadda ta ɗauka ta kamu ke nan? Ta girgiza kai. Mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sun ɗauki wani iri na HPV a wani lokaci ba su sani ba. A wajen kusan tara cikin goma, garkuwar jiki takan share ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi. Matsalar tana wajen 'yan kaɗan ɗin da ƙwayar ta samu wurin zama. A jikin kowace ƙwayar halitta Allah ya sanya masu tsaro biyu. Ɗaya kamar linzami yake, yana hana ta hayayyafa sai da dalili. Ɗayan kamar dogari, in ya ga ta lalace ya sa ta mutu kafin ta haifi irinta. Masana suna ce musu Rb da p53. Ita HPV mai haɗari tana ƙera wasu sinadarai biyu, E6 da E7, ɗaya ya kawar da dogarin, ɗaya ya cire linzamin. Daga nan lalatattun ƙwayoyi su yi ta haihuwar lalatattu, kuskure yana hawa kan kuskure, har wata rana su huda shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu su kutsa cikin nama.

Na ce wata ranar nan, yaushe ce? Ta ce a jikin mace mai lafiyayyar garkuwa, shekara 15 zuwa 20. A jikin wadda garkuwarta ta yi rauni, biyar zuwa goma.

Nan na ajiye biro. Na yi lissafin Gwaggo a zuci. In jinin ya ɓalle mata tana da kusan 48, to abin ya shiga jikinta tana wajen talatin, ko ma ƙasa da haka. Duk shekarun da take goya mu, take yi mana kitso in mun je hutu, take ɗaura mana daddawa da kuka a ƙullin leda, abin yana nan yana tafiyar hawainiya, ba ciwo, ba alama. Kishiyar da muka ɗora wa laifi kuwa shekara shida kacal suka yi tare.

Da yamma aka kai ni ɗakin gwaje-gwaje. Wani dattijo mai farar riga ya ɗora gilashi a ƙarƙashin madubi ya ce in kanne ido ɗaya in duba. Na farko na lafiyayyar mace ne: ƙwayoyi faffaɗa, masu launin shuɗi da ruwan hoda, kowace da ɗan ɗigo a tsakiya, a natse. Ya sauya gilashi. A nan ɗigon ya kumbura ya yi baƙi ya yamutse, ga wani farin fili ya kewaye shi kamar wata ya yi sansani. Ya ce, "Hajiya, wannan sawun HPV ne. Ba sankara ba ce tukuna. Mai wannan in ta zo yau, aikin 'yan mintoci ne." Wannan hanya ta lakato ƙwayoyi daga bakin mahaifa a rina su a duba, wani likita ɗan asalin Girka da ya yi aiki a Amurka, George Papanicolaou, shi ya fito da ita, kuma tun daga shekarun 1940 ta karya lagon cutar a ƙasashen da suka riƙe ta da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita aka yi su. Ƙwayar tana ko'ina a duniya. Abin da ya raba mu da su shi ne ko akwai mai leƙawa a cikin waɗannan shekaru 15 na shiru.

A masaukina a Samaru barci ya ƙi zuwa, sai na buɗe takardun da na tara kan tarihin abin. A 1842 wani likita a birnin Verona na Italiya, Domenico Rigoni-Stern, ya zauna ya bi littattafan mace-macen garin na shekara 80. Ya lura cewa ciwon dajin mahaifa ya fi kashe matan aure, kuma da wuya a same shi a wajen matan coci da suka haramta wa kansu aure. Daga nan aka fara zargin cewa abin yana da nasaba da saduwa. An yi fiye da ƙarni ana lalube. An zargi dauɗar gaban namiji, an zargi maniyyi, a shekarun 1960 da 1970 aka raja'a a kan wata ƙwaya mai kawo ƙurajen al'aura masu ruwa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya duba naman sankarar bai ga abin da ake cewa ba, ya dage cewa dangin ƙwayar tusar jaki ya kamata a bincika. Kaɗan ne suka saurare shi. A 1983 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo mai lamba 16 daga cikin naman sankara, a 1984 suka samo mai lamba 18. A 2008 aka ba shi kyautar Nobel, tare da Faransawa biyun da suka gano ƙwayar HIV.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan tarihi shi ne yadda aka daɗe ana ƙirga mazajen mace kafin a tuna a ƙirga matan miji. Da aka juya tambayar, sai aka ga cewa macen da ba ta san kowa ba sai mijinta, haɗarinta yana ƙaruwa gwargwadon yawan matan da shi ya sani. Wani bincike a Amurka a shekarun 1970 ma ya nuna cewa matan da suka auri mazan da matansu na baya suka yi wannan ciwo sun fi sauran mata kamuwa. Namiji yana ɗauke da ƙwayar galibi ba alama, kuma har yau babu wani gwaji na yau da kullum da ake yi wa maza a gano ta. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 tana duba HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, abu ne mai kyau, amma wannan ƙwaya ba ta fitowa a irin wannan gwaji. Da na karanta wannan, fuskar matar gado na huɗu ce ta zo mini. Washegari kafin in bar Shika na koma wurinta, na faɗa mata abin da na fahimta da kalmomin da na iya: cewa miji ɗaya ya isa, cewa aure na sunna ma yana ɗauko ta, cewa shi kansa mijin bai san yana da ita ba. Ta yi shiru, sannan ta ce wa 'yarta ta matso ta ji da kunnenta.

Daga Shika na shiga motar Funtuwa. Direba ya ce mu hanzarta mu wuce Giwa da rana tsaka saboda rashin tsaro a hanyar, kowa ya san haka, babu wanda ya ja maganar. A Funtuwa na ga motocin auduga sun yi layi, na sauya mota, muka bi ta Bakori, la'asar ta yi mana a Malumfashi. Na kwana gidan wata ƙawata malamar makaranta, ita ta haɗa ni da wata ungozomar asibiti da aka horar kan duba bakin mahaifa.

Ɗakinta ƙarami ne, gado ɗaya, labule, tocila, ƙarfen buɗa farji da ake tafasawa, da kwalbar ruwan khal, wanda wasu ke ce wa binega. Na ɗauka wasa take. Ta ce shi ne dai, na girki, a tsarma shi yadda aka ƙayyade. Takan jiƙa auduga ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska. Wurin da ƙwayoyi suka fara lalacewa sai ya yi fari kamar an ɗiga nono. In farin bai yi faɗi ba, akwai 'yar na'ura mai batir da ake ɗora kanta mai zafi a wurin, ta ƙone shi nan take, mace ta ɗaura zaninta ta koma gida. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara zuwa dubawa daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25, domin ita haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau shida.

Na tambaye ta me ya fi ba ta wahala. Ta ce kwanciya. Mace za ta zo awo, za ta zo haihuwa, amma ta kwanta a buɗe ta alhali ba abin da ke mata ciwo, nan ake daga. Wata ta ce sai ta tambayi maigida, shi ke nan ba a sake ganin ta. "Ni kuwa ina ce musu, Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni mace ce, ke mace ce, ƙofa a rufe." Ta lissafa mini abubuwan da ke taimaka wa ƙwayar ta zauna daram: aure da wuri, haihuwa da yawa wadda kowace takan sake fito da iyakar nan fili, shan taba, wasu cututtukan sanyi da ba a magance ba, da raunin garkuwa. Na tambaye ta ƙwayoyin tazarar haihuwa fa, tunda ana yawan faɗa. Ta ce in an daɗe ana sha shekaru da yawa suna ɗan ƙara haɗarin, in an daina ya riƙa sauka, kuma su kaɗai ba sa haifar da cutar in babu HPV. Gado fa? Ta ce ba a gadonta yadda ake gadon sikila. In ka ga uwa da 'ya sun yi, galibi rayuwa iri ɗaya suka yi.

Ta ƙara da wata magana da nake so kowane malami mai amsa fatawar mata ya ji. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan ɗaukewar al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk waɗannan in an ba mace hukuncin tsarkinta, a haɗa mata da cewa ta tafi asibiti a makon. Jumla ɗaya ce. Da Gwaggo ta ji ta daga bakin da take girmamawa, da ta tafi.

Da hantsi ɗan acaɓa ya ɗauke ni zuwa ƙauyen. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da awaki suna kiwo. Kafin in shiga gida na tsaya gaida dattawan da ke zaune a gindin dalbejiya a ƙofar masallaci, domin sun san mahaifina. Da suka ji abin da ya kawo ni, hira ta koma kan allurar da aka zo yi wa 'yan mata a makaranta. Nijeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin jerin alluranta a ranar 24 ga Oktoba, 2023, da niyyar kai wa ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya kyauta. Kano da Jigawa da Bauci suna cikin rukunin farko, Katsina da Kaduna suka shigo a Mayun 2024.

Wani dattijo mai jan carbi ya ce, "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya. Me ya sa mata kaɗai? Me ya sa ƙanana waɗanda ba su yi aure ba? Zazzaɓi yana kashe mana yara ba a ba mu magani kyauta, sai wannan?"

Ban ɗauki tambayarsa a matsayin jahilci ba. Mutumin da ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, wanda ya ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda zargi, yana da hujjar ya tambaya. Na ce, Baba, allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, ƙofa take rufewa, shi ya sa ake so a yi ta kafin aure. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, ɓawon ƙwayar kawai aka kwaikwaya don jiki ya gane ta in ta zo. Tun 2006 ake yin ta a duniya. Ostireliya, inda aka yi aikin farko na ƙirƙiro ta, ta fara yi wa 'ya'yanta mata a 2007, daga baya ta haɗa da maza. Ruwanda ta fara a 2011. A Ingila an bi 'yan matan da aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13, aka ga cutar ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. Waɗanda aka fara yi wa yanzu iyaye ne, suna ta haihuwa. A nan an fara da mata ne domin su ke mutuwa: a 2020 kaɗai an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu a ƙasar nan, 8,000 sun rasu.

Wani mai matsakaicin shekaru ya ce ai mu Musulmi ne, da kaciyarmu, ba ma bin matan banza. Na ce gaskiya ne kaciya tana rage ɗaukar ƙwayar da yaɗa ta, amma ragewa take yi. Sannan na faɗi abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa a gaban manya. Mutum ya auri wannan ya saka, ya auro bazawara, ita ma daga wani gidan ta fito, wanda shi ma ya yi aure uku kafin ita. Kowane ɗaurin aure da waliyyi da shaidu da goro, babu haram ko ɗaya. Amma ita ƙwayar duk ta bi layin, kuma gida mai mata uku in ta shiga ɗaki ɗaya tana iya zagaye ukun. Aka yi tsit. Mai carbin ya ce, "Allah ya kyauta," ya kuma tambaye ni ko jikarsa mai shekara 13 da ya hana a yi wa tana iya samu har yanzu. Na ce a kai ta asibitin da ake rigakafin yara a tambaya.

Gidan bai sauya ba, sai dai katangar zaure da ta zube aka tare da zana. Maigidan ya rasu shekara uku da suka wuce, mun ji labari, ba mu zo gaisuwa ba. Na yi sallama sau biyu. Inna, kishiyar Gwaggo, ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta tsaya tana dubana. Ta gane ni. Ta shimfiɗa mini tabarma nesa da ƙofar ɗakinta kaɗan, ta kawo ruwa a kwanon sha ta ajiye, ba ta miƙo mini a hannu ba. Na fahimci dalili: tana tsoron kada in ƙi karɓa daga hannunta. Na ɗauka na sha har rabi.

Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara uku. Ɗakin Gwaggo yana nan, an mai da shi wurin ajiye buhuna. A nan zaune na tuna abin da na sani na rayuwarta. An yi mata auren fari tana da shekara 14, wa wani ɗan kasuwa mai mata biyu. Ta haifa masa uku ya sake ta. Ta yi wani gajeren aure, sannan ta zo wannan gida, ta cika haihuwa tara. A wane ɗaki ƙwayar ta same ta, babu likitan da zai iya faɗa, domin ba ta zuwa da kwanan wata.

Na ciro takardar asibitin daga jaka, na warware ta a kan tabarma, ko da yake Inna ba ta karatun boko. Na yi mata bayanin tulu da wuyansa, da ƙwayar da ke shiga ba a sani ba, da shekarun da take ɗauka. Na ce mata lissafi ya nuna ciwon ya girmi zuwan ita Inna gidan nan da shekaru masu yawa. Na ce, "Inna, mun zalunce ki. Na zo in faɗa da bakina, kuma zan faɗa a gida."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta ce shekara tara ko gidan suna ta shiga sai ta ga mata suna janye 'ya'yansu. Ta ce ita ta wanke wa Gwaggo tsummokaran jini har wata bakwai, da hannunta, da dare, don kada yara su gani. Wannan ban taɓa ji ba. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Sai na ce mata akwai sauran magana. Miji ɗaya suka yi tarayya, kuma ita yanzu ta ba arba'in baya. Na ba ta labarin ungozomar Malumfashi da kwalbarta da tocilarta. Ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba abin da ke mata ciwo. Na ce Gwaggo ma haka take cewa shekara 15. Ta yi shiru, ta leƙa madafi inda tuwo ke neman kamawa, ta ƙwala wa 'yar autarta kira ta zo ta karɓi muciya. Yarinyar ta fito da gudu, 'yar shekara goma sha ɗaya, da allo a hannu.

"Ita matar," in ji Inna, "mace ce kika ce?"

Na ce mace ce, kuma ƙofa a rufe.

"Wace rana take zama?"

Na ce Talata da Alhamis. Ta ƙirga da yatsu, ta ce jibi ke nan. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce in kwana biyu ba zai yi mini yawa ba, in zauna mu tafi mu uku.